Dokin da Alƙalami Ya Ceto: Tarihin Takhi da Masu Aikin Sa-kai a Dajin Mongoliya

A shekarar 1969 wani masanin dabbobi ɗan Mongoliya mai suna Dovchin ya hangi wani ingarma shi kaɗai kusa da maɓuɓɓugar ruwa da ake kira Gun Tamga, can a yammacin hamadar Gobi, daf da iyakar ƙasar Sin. Dokin gajere ne kakkaura, mai launin rairayi da farin baki, gezarsa a tsaye kamar ta jaki. Daga wannan gani sai da aka yi shekara 23 ba a sake ganin irinsa yana kiwo a ƙasar Mongoliya ba.

Mutanen ƙasar suna kiransa takhi, Turawa kuma suna ce masa dokin Przewalski. A iya tarihin da aka rubuta, bai taɓa zama dabbar gida ba. Yau ɗaruruwansu sun koma suna yawo a shimfiɗaɗɗen dajin ciyawa na tsakiyar Asiya, inda ido kan yi tafiyar yini bai ci karo da bishiya ba. Idan ana ba da labarin dawowarsu, jiragen sama da akwatunan katako da kuɗin ƙasashen Turai aka fi ambata. Amma a ƙarƙashin wannan duka akwai wani aiki marar armashi wanda ya ɗauki fiye da shekara sittin ana yi, wato ƙirge da rubutu. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi shi ba albashi ya kawo su ba. A arewacin Nijeriya ta yau, da an ce ɗan sa-kai sai zuciya ta tafi ga mai bindiga a bakin daji. Ɗan sa-kan wannan labari makaminsa littafi ne da fensir da tabarau mai hangen nesa.

Yadda aka kwashe shi

A 1878 wani hafsan sojan Rasha mai yawon binciken ƙasa, Nikolai Przhevalsky, ya samu ƙoƙon kai da fatar wani dokin daji a garin Zaisan na kan iyaka. Ya kai su birnin St. Petersburg, inda masanin dabbobi Ivan Polyakov ya nazarce su, ya kuma sanar a 1881 cewa wannan wani jinsi ne da ilimin Turai bai sani ba. Makiyayan Gobi kuwa sun san shi tun kaka da kakanni.

Sanarwar ta tayar da kwaɗayin attajirai masu tara namun daji. Uku ne suka yi fice: Friedrich von Falz-Fein mai gandun Askania Nova a ƙasar Yukren ta yanzu, da Carl Hagenbeck, dillalin namun daji na birnin Hamburg, da kuma wani basarake na Ingila, Duke na Bedford. Babban takhi ba ya kamuwa, don ya fi dawakin mafarauta gudu da juriya. Saboda haka sai aka koma kan duƙusai. Mahaya kan bi garke suna sauya dawaki har ƙananan su gaji su tsaya, sau da yawa kuma sai an harbe ingarman da ke kare su, ko iyayensu mata. Daga nan a haɗa su da goɗiyoyin gida su shayar da su, a kora su tafiyar watanni zuwa tashar jirgin ƙasa. A 1901 duƙushi 28 suka isa Hamburg da rai. Duk wahalar shekarun nan, waɗanda suka kai Turai hamsin ne da 'yan kai, kuma akasarinsu sun mutu ba su bar baya ba.

Na daji su ma ba su huta ba. Bindigogin zamani sun yawaita, garkunan makiyaya sun mamaye 'yan maɓuɓɓugan ruwan da ke akwai, sojoji sun cika kan iyaka, aka kuma yi munanan hunturu a shekarun 1940 da 1950. A Turai kuwa Yaƙin Duniya na Biyu ya ci garken Askania Nova, wanda sojojin Jamus suka harbe. A 1945 takhi 31 kacal suka rage a hannun mutane, kuma a gidajen namun daji biyu ne, na Munich da na Prague, ake da garken da ke haihuwa. Goɗiya ta ƙarshe da aka kama a daji, Orlitsa ta Uku, an kama ta a 1947. Duk wani takhi da ke numfashi a duniya yau ya fito ne daga tsatson dawakin daji 12, tare da ɗan ɗigon jinin dokin gida.

Malamar makaranta da littafin nasaba

Idan jinsi ya ragu zuwa wannan adadi, wani sabon haɗari kan taso wanda ido ba ya gani. Uba ya hau 'yarsa, wa ya hau ƙanwarsa, tun ana samun lafiyayyun 'ya'ya har a soma ganin rashin haihuwa da gajeren kwana. Akwai kuma haɗarin gauraya. Takhi yana da kuromosom 66, dokin gida yana da 64, amma duk da haka suna barbara su haifi ɗa mai haihuwa, sabanin alfadari. Ke nan in ba a kula ba, takhi na iya narkewa cikin dawakin gida ba tare da ko ɗaya ya mutu ba.

Maganin wannan shi ne a san wane ne ya haifi wane. Wadda ta ɗauki wannan nauyi ita ce Erna Mohr, haifaffiyar Hamburg a 1894. Malamar makaranta ce, ta yi shekaru tana koyarwa da rana, tana kuma taimakawa a gidan adana kayan tarihin dabbobi na birnin, kafin daga baya ta koma can gaba ɗaya. Ba ta yi karatun jami'a ba, sai a 1950 jami'ar Munich ta ba ta digirin girmamawa. Ta bi wasiƙu da tsofaffin takardun gidajen namun daji, ta tattara sunan kowane takhi da iyayensa da ranar haihuwarsa da ta mutuwarsa. A 1959 littafin nasabar ya fito, a shekarar da aka yi taron farko na duniya kan ceto dokin a Prague, kuma gidan namun dajin birnin ne ke riƙe da littafin har yau. Mohr ta rasu a 1968, shekara guda kafin a yi wa na daji ganin ƙarshe.

Littafi kaɗai ba ya mayar da doki daji. A 1977 wasu mata da miji daga Rotterdam ta ƙasar Holan, Jan da Inge Bouman, waɗanda ba ma'aikatan wani gidan namun daji ba ne, suka kafa gidauniya don kare takhi. Sun zauna da littafin nasabar suka lissafa kusancin jinin kowane doki da ɗan'uwansa, suka matsa wa gidajen namun daji lamba su riƙa musayar ingarmu. Sun kuma lura da abin da lissafi ba ya nunawa: dokin da aka haifa a ɗan shinge, ake zuba masa ciyawa a kwano, bai san yadda ake zaman garke ba, balle neman ruwa ko kare ɗa. Da kuɗin gudummawar jama'a suka sayi dawaki, suka sake su a manyan filaye masu shinge a Holan da Jamus, don 'ya'yansu su tashi cikin garke na gaskiya, ingarma ɗaya da goɗiyoyinsa.

Ƙofa ta buɗe bayan 1990, lokacin da mulkin kwaminisanci ya kau a Mongoliya. A watan Yunin 1992 rukunin farko ya sauka, aka kai shi tsaunukan Hustai, kimanin kilomita 100 yamma da Ulaanbaatar, babban birnin ƙasar. Zuwa shekarar 2000 an kai doki 84 wurin. An ayyana Hustai a matsayin keɓaɓɓen wuri a 1993, ya zama gandun daji na ƙasa a 1998, faɗinsa ya ɗan haura hekta 50,000. A 1992 ɗin dai aka soma wani shirin a Takhin Tal da ke Gobi, kusa da inda aka ga na ƙarshe. Na uku ya biyo baya a Khomyn Tal, inda wata ƙungiyar Faransa ƙarƙashin Claudia Feh ta kai doki 22 a 2004 da 2005.

Daga ina masu sa-kai suka fito?

Sakin dabbar da ta yi zuriya bayan zuriya a shinge gwaji ne, kuma gwajin da ba a rubuta sakamakonsa ba ɓata lokaci ne. Ina suke kwana? Wace ciyawa suke ci a kowane wata? Me ke kashe duƙusai? Amsa waɗannan na buƙatar idanu masu yawa na tsawon sa'o'i masu yawa, masana kuwa 'yan kaɗan ne, kuɗin bincike kuma bai taɓa isa ba.

Dabarar cike wannan giɓi da talakawan gari tsohuwa ce. A 1900 wani masanin tsuntsaye na Amurka, Frank Chapman, ya ba da shawarar a bar al'adar gasar harbin tsuntsaye ranar Kirsimeti, a koma ƙirga su. Mutum 27 suka amsa a shekarar farko, kuma har yau ana wannan ƙirge duk shekara. A 1971 aka kafa ƙungiyar da aka fi sani da Earthwatch a yankin Boston, ta zo da wani salo: mutum ya biya kuɗi daga aljihunsa, ya bi masu bincike zuwa daji na mako biyu ko makamancin haka, ya yi musu aikin hannu. Kuɗinsa ya sayi mai da abinci da kayan aiki, ƙarfinsa kuma ya ƙara yawan bayanan da ake tarawa. Wannan salo ne ya isa dajin Mongoliya bayan 1990.

A Hustai, mai sa-kai kan kwana a ger, zagayayyen tantin nan na gashin tumaki da makiyayan ƙasar ke zama a ciki. Tun da asuba ake kai shi inda garken da aka ba shi yake. Zai zauna nesa kaɗan don kada ya firgita su, ya riƙa rubuta inda suke da na'urar GPS, da abin da suke yi, da yanayin iska da zafi, bayan kowane 'yan mintoci. In sun tashi ya bi su a ƙafa, ko da tudu ne. Dole ya koyi bambance doki da doki ta tabo, ko zanen ƙafa, ko yadda geza ta kwanta. Yawancin abin da zai rubuta bai wuce suna kiwo, suna tsaye, suna kora ƙuda ba. Amma da irin waɗannan layuka dubbai, haɗe da na ma'aikatan gandun, aka gane faɗin yankin kowane garke, da yadda suke hawa tudu da rana don gudun ƙudaje su sauko rafi da yamma, da kuma cewa kyarkeci na cikin manyan masu kashe duƙusai a watanninsu na farko.

Can kudu maso gabas, a gandun Ikh Nart da aka kafa a 1996 a lardin Dornogovi, masu sa-kai na Earthwatch sun yi shekaru suna aiki da masana daga gidan namun daji na Denver da Cibiyar Kimiyya ta Mongoliya. Abin nazari a nan shi ne argali, ragon dutse mafi girma a duniya, da wata baƙar ungulu mai faɗin fukafukai. Akan kafa dogayen raga, mahaya su koro ragunan, masu sa-kai su taimaka a danne su, a rufe musu ido, a auna su, a ɗaura musu abin wuya mai aika sigina, sannan a sake su cikin 'yan mintoci. Sauran kwanakin kuma yawo ne cikin duwatsu da eriya a hannu ana neman siginar. Binciken ya nuna cewa argali da tumakin makiyaya kusan ciyawa ɗaya suke ci, kuma karnukan makiyaya na cikin masu kashe su. Ungulayen da aka maƙala wa lamba a fiffike kuwa, an riƙa ganinsu a Koriya ta Kudu lokacin hunturu, abin da ya nuna cewa kare su ba aikin ƙasa ɗaya ba ne.

Hunturun da ya auna kowa

Mutanen Mongoliya suna da kalma ga bala'in da suka fi tsoro: zud. Shi ne a yi fari da damina, ciyawa ta yi ƙaranci, sannan hunturu ya zo da dusar ƙanƙara mai kauri da sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Na 2009 zuwa 2010 ya kashe dabbobin gida kusan miliyan 8. A Takhin Tal fiye da rabin takhin da aka yi shekara 17 ana tarairaya suka mutu cikin 'yan watanni.

Saboda ana bin sawun dabbobin tun kafin bala'in, an iya ganin abin da ya faru dalla-dalla. Jakunan daji na Gobi, waɗanda ba a taɓa raba su da ƙasarsu ba, sun yi ƙaura zuwa yamma inda dusar ba ta yi kauri ba, suka tsira. Takhi kuwa sun tsaya cik a yankin da suka saba har mutuwa ta same su. Jininsu ya tsira a gidajen namun daji, amma sanin hanya, wanda uwa ke koya wa ɗa, ya mutu tare da garken ƙarshe na daji. Darasin da aka ɗauka shi ne kada a tara su wuri guda. Daga 2011 gidan namun daji na Prague ya soma kai ƙarin dawaki da jiragen sojan ƙasar Cek.

Wannan hunturu ya kuma fito da iyakar aikin sa-kai. Baƙi da rani suke zuwa, lokacin da ciyawa ta yi kore, hanya kuma tana biyuwa. A watan Janairu babu su. Waɗanda suka bi dusar ƙanƙara suna ƙirga gawa, suna kai wa ragowar ciyawa, ma'aikatan gandu ne 'yan ƙasa, akasarinsu 'ya'yan makiyayan yankin. Su ne suka san kowane doki da suna, su ne kuma ke koya wa baƙon abin da zai rubuta. Kuɗin da baƙo ɗaya kan kashe a kujerar jirgi da zaman mako biyu ya isa ya biya albashin irin wannan ma'aikaci na watanni. Masu suka suna tambaya, kuma da gaskiyarsu: in don dabbar ake yi, me zai hana a aiko da kuɗin a zauna a gida? Amsar masu shirya tafiyar ita ce, wanda bai je ya gani ba ba zai bayar ba, wanda ya je kuwa yakan ci gaba da bayarwa shekaru bayan ya koma.

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, ta ƙasa. Hustai makiyaya ce kafin ta zama gandu. Bayan rushewar gonakin gwamnati a farkon shekarun 1990, dabbobin Mongoliya sun tashi daga kimanin miliyan 25 zuwa kusan miliyan 70 a 2019, awaki masu gashin kashmiya na kan gaba. A lokaci guda farauta ta yi wa namun daji kaca-kaca, har wani rahoto da Bankin Duniya ya wallafa a 2006 ya kira dajin da wanda ya yi shiru. Duk hektar da aka keɓe wa takhi, daga bakin tumakin wani aka cire ta. Shi ya sa aka kafa yankin tsakani a gundumomi uku da ke kewaye da Hustai, wato Altanbulag da Argalant da Bayankhangai, inda makiyaya ke samun rancen jari da horo kan sarrafa madara da gashin dabbobi. Tun 2003 kuma wata ƙungiya mai zaman kanta ta 'yan Mongoliya ce ke gudanar da gandun, da kuɗin da akasari ke fitowa daga baƙi. Ta nan ne kuɗin mai sa-kai ke zama albashin mai gadi. Rikicin kiwo bai ƙare ba, musamman a shekarar fari, amma aƙalla akwai inda ake zama a tattauna shi.

Abin da aka samu

A 2008 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta cire takhi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji, a 2011 kuma ta sake sassauta matsayinsa zuwa wanda ke cikin haɗari. Hukuncin ya dogara ne kan adadin manyan dawakin da aka tabbatar suna rayuwa da kansu, adadin da ba zai samu ba sai da ƙirgen yau da gobe. A watan Yunin 2024 aka kai bakwai na farko zuwa Altyn Dala a Kazakistan, wani dajin ciyawar da ya daɗe da rabuwa da su.

Hanyar da aka bi ta iso kusa da gida. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu da ta taɓa cika Sahel daga Nijar zuwa Chadi, an ayyana ta ƙare a daji a shekarar 2000. A 2016 aka soma dawo da ita gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi daga garken da aka tara a Abu Dabi, bisa tsari iri ɗaya: littafin nasaba, shingen sabo da ƙasa, abin wuya mai sigina, da masu bin sawu a ƙasa, tare da makiyayan da ke kai rahoton inda suka gan ta. A watan Disambar 2023 ita ma aka cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Mai karatu da ke sha'awar irin wannan tafiya, ko wanda ke tunanin kafa irin wannan shiri a gandunan dajinmu, tarihin takhi ya bar masa ma'auni uku. Na farko, ina bayanan da aka tara suke zuwa, kuma akwai wani hukunci da aka taɓa yankewa da su? Na biyu, kashi nawa na kuɗin ke tsayawa a hannun mutanen wurin? Na uku, wa ke ci gaba da aikin bayan baƙi sun tafi? Shirin da ya kasa amsa waɗannan yawon buɗe ido ne da aka sauya wa suna. Wanda ya amsa su kuwa yana kan layin da Erna Mohr ta soma ja, lokacin da ta zauna tana rubuta sunayen dawakin da kowa ya ɗauka sun gama yawo.